Bangon Kudu na Ɗakin Ya'u

Kuma kar ka ce min hanta. Duk wanda na fara ba labarin Ya'u, kafin in kai tsakiya sai ya katse ni, wai ai dundumi ne, a gasa mishi hanta. Hantar da Ya'u ya ci tun shina yaro, da za a tara ta wallahi sai ta cika amalanke. Ta rago, ta akuya, ta raƙumi, har ta zabo an ba shi. Mahautan Tsibiri duk sun san innarshi da wannan. Ba ta hana komai ba. In rana ta faɗi, idonshi ya faɗi tare da ita.

Ya'u taubashina ne, ɗan kawuna. Ni ɗiyar mace ce, shi ya sa yake ce min baiwar gidansu, ni kuma Makahon Dare nake ce mishi tun ban iya ɗaura zane ba. Ya girme ni nesa ba kusa ba, amma ka san wasan taubasai bai san girma ba. Sunana Rahma. Lakkwal, makarantar boko ke nan, ban yi nisa ba, bakina ya sa aka kore ni. Aure na yi na fito. Yanzu ƙanƙara da bisap, wato zoɓo, nake kaiwa butik-butik, shagunan unguwa, a kan motona mai taya biyu. Ka ji mai ba ka labari, in ba ta yi maka ba ka tashi.

Shi Ya'u mai hoto ne. Shina da ɗan shago a unguwar Zariya, nan cikin Maraɗi, ƙetaren gudron, wato kwalta, daga gidansu, inda ake ɗaukar hoton karti, katin ɗan ƙasa, da na 'yan lakkwal. Za ka ce yaya mai ciwon ido ke hoto. To da rana shina gani, sai dai ganin nashi kamar ka leƙa ta cikin tiyo ne. Abin da ke gabanshi tsaf shina ganinshi, har ƙurjin da ke hancinka. Abin da ke gefe kuwa babu. Shi ya sa ya kafe bencin shagon da ƙusa, ya kafe farin ƙyalle a baya, ya kafe kamera. Kai dai ka zauna ka ɗaga haɓa. Kafin magariba ya rufe ya koma gida, shi da kaji lokaci guda.

Akwai abin da ya taɓa faɗa min, wanda a lokacin dariya na yi. Ya ce suna yara a gidan Kaka a Tsibiri, in an shimfiɗa tabarma a tsakar gida bayan tuwo, Kaka takan nuna sama ta ce ga Kaza da ɗiyanta, ga Zara kusa da wata. Yara su yi ta "na gani, na gani". Shi ma sai ya ɗaga kai ya ce ya gani. Wata kurum yake gani, da wani baƙi kamar gindin tukunya. Na ce, "To don me kake cewa ka gani?" Ya ce, "Ke kin taɓa zama kaɗai wadda ba ta gani ba cikin yara goma?" Na ce ni kullum ni ke fara gani. Ya ce shi ya sa ba ki da hankali.

Shekarun baya tiyon ya fara matsewa. Ya fara karo da bakin ƙofa, ya fara taka kwanon abinci. Matarshi, Yaya Tsahara, tela ce, mace mai shiru kamar an ɗinke bakinta, ita ta matsa mishi har ya je wurin lokotoron ido. Ni na kai shi a moto. Lokotoron ya haska, ya leƙa, ya ce wannan ba na hanta ba ne, cikin jini yake, kuma zai ci gaba da matsewa har ya rufe. Ya'u ya ce yaushe. Lokotoro ya ce Allah ne masani. Muka fito, na ce, "To Makahon Dare, an ƙara maka girma, za ka zama na rana ma." Ya yi dariya har da riƙe ciki. Mu haka muke. Ban san wata hanyar magana da shi ba.

Daga can ba gida muka nufa ba, wurin Samson muka biya. Samson ɗan Tsibiri ne, Kirista, shi ke da injin da ke fitar wa Ya'u hotuna a takarda. Muna zaune ya miƙo wa Ya'u salularshi, ya ce dubi abin da ake ɗauka a ƙasashen sanyi. Wani dogon hoto ne, sai ka ja da yatsa kafin ka kai ƙarshenshi. Sama ta yi kore shar kamar an watsa mata miyar kuka, wai haka wani haske ke fitowa can da dare. Ni koren nake kallo. Ya'u ya kawo salular dab da hancinshi, ya ce, "Waɗanga ɗige-ɗigen fa?"

Samson ya ce, "Taurari mana."

"Kamera tana ganinsu?"

"In ka bar idonta buɗe ya daɗe, tana tara hasken kaɗan-kaɗan."

Ya'u ya ja hoton da yatsa har ƙarshe. Sai ya ce, "Ni koren bai dame ni ba, su riƙe abinsu. Namu na nan nake so in gani."

To ka ji inda wahalata ta fara. Ya ce kafin tiyon ya rufe, shina son ya zagaye ɗakinshi da sama. Bango huɗu, gabas da arewa da yamma da kudu, kowane da dogon hoto daga kusurwa zuwa kusurwa, ya tsaya a tsakiya ya juya ya ga abin da kowane jaki ke gani kyauta. Mai walda ya haɗa mishi ƙafa uku da rodi. Kamerar tsohuwa ce, abin ƙidayar lokacinta ya mutu, sai dai ka danne maɓalli ta wata igiya ka riƙe. Ya gwada ya gwada har ya gano ma'auninshi: Fatiha ɗaya, ba da gaggawa ba. In ka gaza, hoton ya fito baƙi. In ka ja ta kamar limamin tarawihi, taurari su zama tsutsotsi. Ka gama, ka juya kan kamera kaɗan, yadda sabon hoton zai hau bakin na baya, ka sake Fatiha. Haka har ka share rabin sama.

Amma mai dundumi ba ya zuwa daji da dare shi kaɗai. Wa ke da moto, wa ba ta da miji da zai hana ta? Baiwar gidansu.

Cikin Maraɗi ba a yi. Fitilun gari sun cinye sama, ko an ɗauke kuran ma, wutar lantarki, sai masu garup su tada injinansu na wuta. Dole ka fita ka ba gari baya. Kuma ba kowane dare ba. In akwai wata, babu. In akwai hadari, babu. In wani ya cinna wa kara wuta a gona, babu. Mukan tahi bayan isha'i mu dawo kafin masu shayi su kwashe. Duk da haka an yi da ni a unguwa, wai bazawara da mijin wata a daji. Na ce wa mai faɗin ta zo ta riƙe mana ƙafa uku, sauro na neman ƙari.

Gabas muka fara, lokacin sanyi, a gonar Kaka bayan Tsibiri. Ni ce ido. Ni ke cewa ga gawo a dama, ga wani babban tauraro bisa kanshi, juya kaɗan, ya isa. Shi ke riƙe igiya shina Fatiha. Ni kuma ba na iya shiru, ka sani. Ina ta zuba, ina cewa ga Kazar nan ta taso, ɗiyanta sun cure wuri guda kamar sun ga shaho. Ya ce, "Ke baiwa, in kika sa na ɓata Fatiha, zunubin naki ne."

Samson ya fitar da su. Ya ce zai iya haɗa su a ordinata, kwamfutarshi, su zama guda, Ya'u ya ce a'a. Yaya Tsahara ce ta yanke gefensu da almakashin ɗinkinta, tana haɗa tauraro da tauraro yadda take haɗa zanen atamfa a tsakiyar riga. Muka dama fulawa muka liƙa. Ya kafa doka: ba mai taɓawa da hannu, yatsa na barin maiƙo, har shi kanshi.

Ranar nan ba zan manta ba. Ya fara daga kusurwa, hannu a baya, hancinshi kamar zai shinshini bangon, shina tahiya kaɗan-kaɗan. Tiyon nashi ba ya ɗaukar abin da ya wuce tafin hannu, to da tafin hannu da tafin hannu ya bi sama. Ya kai wurin Kazar ya tsaya. Ya daɗe. Ya ce, "Ita ce wannan?" Na ce ita ce. Ya ce, "Ashe 'yan mitsi-mitsi ne. Ni na zaci da gaske siffar kaza ce, da baki da ƙafa." Mutum mai furfura a gemu. Yaya Tsahara ta fita wai ta bar tukunya a wuta, alhali ba ta ɗora komai ba. Ni na ce mishi yanzu sai ya je kabarin Kaka ya janye ƙaryar da ya yi mata.

Arewa ba ta ba mu wuya ba. Yamma ta ɗan ja lokaci. Kudu ce ta ƙi. Ita dole sai ka bi hanyar Jiratawa ka wuce garin, kuma ka san yadda mutane ke tsoron wannan hanyar in duhu ya yi, ba sai na faɗa maka ba. Kuma abin da Ya'u ke so a kudu, wani farin abu ne da ke ratsa sama kamar an zubar da fura a baƙin zane. Ban san sunanshi ba, ni zubin fura nake ce mishi, kuma tun da na faɗa mishi ya ƙwallafa rai. Shi kuwa da damina yake tsayawa sosai a farkon dare, lokacin da hadari ba ya barin sama ta huta. Damina guda ta wuce mu a haka. Mu fita mu tarar da gajimare. Mu fita ruwa ya koro mu.

Cikin wannan jiran abubuwa suka yi ta faruwa da ban ɗauka komai ba. Wata mata ta dawo shago tana masifa, wai an yanke mata rabin goshi a hoton karti. Ya'u ya ce ita ta motsa. Na tsaya mishi, na ce wa matar da ma goshin ya yi yawa, taimakonta aka yi. Wata safiya ɗan kabu-kabu ya buge shi a gudron, ya ƙuje gwiwa da kafaɗa. Ya ce yaron ne mahaukaci. Wa zai musa, duk mun san 'yan kabu-kabu. Na ce ya fara riƙe sanda. Ya juyo, kuma wannan karon bai yi dariya ba. Ya ce, "Sanda ta makafi ce. Ranar da aka gan ni da sanda, wa zai zauna a bencina? Kin taɓa jin makaho mai hoto?" Ya ce da ya zama wanda ake ja, gara ya zama wanda ake ɗauka a makara. Na ce ya yi mana shiru da bakinshi mai wari.

Bana, ƙarshen damina, aka yi wani ruwa da la'asar ya wanke sama tas. Babu wata. Na je na ce Makahon Dare tashi. Muka wuce Jiratawa, muka ratse cikin gonaki, hatsi ya fi ni tsawo. Na samu wani fili kusa da rumbu. Wallahi ban taɓa ganin sama haka ba. Na fara zubata, ina cewa ga zubin furar nan ya sauko daidai kan rumbu kamar daga ciki aka watso shi, ga wani jan tauraro a dama kamar garwashi, ga gawo ya karkace kamar tsohuwa mai ciwon baya. Ya ce to, to, juya.

Mun kusa gamawa sai ga wasu samari masu tsaron gona, da sanduna da cocila. Sun ga ƙarfe mai ƙafa uku a duhu sun zaci wani abu ne. Ɗaya ya dallare Ya'u da cocila a fuska, irin mai hasken nan da ke sa ka ga kore. Ni na kare idona da hannu ina zagi. Ya'u ko ƙiftawa bai yi ba. Ya tsaya ƙyam ya yi musu sallama, ya faɗi sunan ubanshi da na kakanshi, ya ce hoton sama muke ɗauka. Suka duba kamera suka ga ɗige-ɗige, ɗaya ya ce Allah ya ba ku lafiya, suka tahi. A raina na ce kai, ashe taubashina namiji ne.

Da muka gama na miƙa mishi kamera ya duba ɗan gilashin baya, yadda ya saba. Ya ce, "Bari, na yarda da ke." Na ce yau kuma baiwa ta samu 'yanci.

Kashegari na kai wa Samson ya fitar da hotunan. Aka yi kwanaki kuran na wasa da mutane, garup ɗinshi kuma ya lalace. Kullum Ya'u sai ya tambaya, kullum in ce tukuna. Ran Asabar na sake komawa, Samson ya ce sai gobe. Na biya gidan da rana tsaka, ina zaune da Yaya Tsahara tana kan keken ɗinki, sai ga shi ya dawo cin abinci. Ya ji muryata tun daga zaure.

"Baiwa, an samu?"

Ni kuma bakin nan nawa. Na ce, "An samu, har mun liƙa. Shiga ka gani, ranka ya daɗe." Jira nake ya shiga ya ga wayam, ya fito ya biyo ni da takalmi, mu yi dariya. Abin da muka saba ke nan tun ina yarinya.

Ya shiga. Na bi shi ina danne dariya. Ƙofa buɗe, rana ta faɗo kan bangon kudu, siminti tsirara, har da tsagar nan da ƙadangare ke shiga. Ya je kusurwa. Ya mai da hannu baya. Ya kawo hancinshi dab da bango, ya fara tahiya kaɗan-kaɗan.

Na buɗe baki in ce kai dalla, sai na ji an riƙe min hannu. Yaya Tsahara ce. Ta matse ni har farcenta ya shige.

Ya kai tsakiya ya tsaya. Ya ce, "Masha Allahu. Ga zubin furar taki, ya sauko daidai kan rumbu." Ya matsa. "Ga jan nan kamar garwashi." Ya matsa. "Gawon ma ya fito, dubi yadda ya karkace." Bai bar ko ɗaya ba cikin abin da na faɗa a gonar nan, kuma a jere yadda na faɗe su. Ya kai ɗaya kusurwar, ya juyo, ya fuskanci inda yake zaton nake, ya kauce ni da kamar taku guda. Ya ce, "Wannan ya fi sauran kyau. Tsahara, hannunki ya iya haɗi, ko layi ban gani ba."

Ta ce, "Allah ya sa albarka, maigida."

Ya ce, "Ke kuma yau ba ki da magana?"

Na ce ƙwaro ne ya faɗa min a maƙogwaro.

Ya ci abincinshi, ya yi alwala, ya koma shago. Na bi shi a baya daga nesa, bai sani ba. Na ga yadda yake yi. Shina bin gefen kwata da ƙafa, shina gaida mutane da murya tun kafin su gaishe shi. Ya kai bakin gudron ya tsaya, ya karkata kai, shina saurare. Motoci, kabu-kabu, manyan kamiyo na kaya masu zuwa iyaka. Da ya ji ƙara ta lafa sai ya jefa ƙafa. Wani mai keke, wanda ba ya ƙara, ya wuce ta gabanshi har ya taɓa rigarshi. Ya'u bai ma san an yi ba.

Na dawo na tsare Yaya Tsahara. Na ce tun yaushe. Ta ce ba ta sani ba, ita ma ba a faɗa mata ba, ta dai lura tun bangon yamma bai ƙara gyara mata haɗi ba, da kuwa sai ya ce nan ya goce. Na ce kuma kika yi shiru. Ta ce, "Rahma, abin da ya rage mishi ke nan. Shi ya san ba ya gani, ni na sani, amma muddin ba a faɗa ba, shi Ya'u mai hoto ne. Gobe ki karɓo, mu liƙa shina shago. Ba zai taɓa sani ba." Na ce gudron fa. Ta ce kullum in ya fita ba ta taka keke sai ta tabbata ya ƙetare, ba a dawo da shi a hannun mutane ba. Ta faɗi haka ta ci gaba da ɗinki.

Ya riga ya faɗa a masallaci cewa ɗaki ya kammala, ya gayyaci mutane ran Juma'a su zo su gani. Hotunan suna wurina yanzu, cikin leda, ƙarƙashin katifa. Sun fito, kuma gaskiyarshi ne, sun fi sauran kyau. Jiya na dama fulawa har ta yi sanyi na zubar.

In na liƙa, shi ke nan. Jama'a za su zo su yi ta masha Allahu, ya tsaya a tsakiya shina nuna musu garwashi da rumbu, kashegari kuma ya koma bakin gudron da kunnenshi. In ban liƙa ba, bangon nan shi kaɗai ne abin da ba zai iya musawa ba. Da na ce ba ya gani zai ce wasan taubasai ne. Amma in na ɗora tafinshi a kan simintin, ba sauran magana. Zai san na gan shi ranar nan, zai san Tsahara ta gan shi, watakila ya karɓi sanda, watakila kuma ya kwanta bai ƙara tashi ba. Na san shi, duka biyun zai iya.

Kai da ka zauna ka ji har ƙarshe, ba ka ce min hanta ba, na gode. Yanzu faɗa min: in liƙa in yi shiru, ko in kama hannunshi in ɗora a bango?